Bakwaini, ɗan tiyata, ɗan fari: yanayin haihuwa ne ke yanke wa yaro hali?

Yaro ɗan shekara huɗu ya laɓe a bayan uwarsa da ganin baƙo, sai wani ya ce, "Ai bakwaini ne, haka suke." Yarinya ta cika kuka da rigima, sai a ce uwarta ce ta sha baƙin ciki lokacin da take ɗauke da cikinta. A kafafen sada zumunta kuma bidiyoyi ne ke yawo, wani ya ce yaron da aka ciro ta tiyata ba ya shaƙuwa da uwarsa, wani ya ce duk wadda ba a ɗora mata jaririnta a ƙirji cikin sa'ar farko ba ta yi asarar da ba ta da gyara. Mata da yawa da tsakar dare suke kallon waɗannan bidiyoyi, jariri a cinya, gabansu na faɗuwa.

To, ina gaskiyar take? Shin abin da ya samu yaro tun yana ciki, da yadda aka haife shi, da gidan da ya faɗo, su ne ke tsara tunaninsa da zamansa da mutane? Masana sun shafe shekara fiye da 70 suna bin sawun yara daga haihuwa har girma don amsa wannan tambaya. Abin da suka gano ya fi maganar bidiyo kwantar da hankali, duk da cewa akwai wuraren da sakaci ba ya yafuwa.

Me ake nufi da yanayin haihuwa?

Abubuwa da yawa aka dunƙule a cikin kalmar. Akwai na lokacin renon ciki: abincin uwa, lafiyarta, damuwarta, da abin da take sha. Akwai na ranar haihuwa: cikin ya cika ko bai cika ba, nauyin jaririn nawa, naƙuda ta yi tsawo ko ta zo da sauƙi, ya yi kuka nan take ko sai da aka taimaka masa. Sai kuma na gidan da aka kai shi, wato wadata ko talauci, zaman lafiya ko tashin hankali, ana ɗokin zuwansa ko ba a shirya masa ba, shi ne na nawa a ɗakin.

Bunƙasar tunani da zamantakewa kuwa ita ce yadda yaro ke koyon magana, da tattara hankali wuri ɗaya, da lallashin kansa in ransa ya ɓaci, da yarda da mutane, da iya wasa da sa'o'insa. Ranar haihuwa ƙwaƙwalwar jariri ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babba ba, amma kafin ya cika shekara uku ta kai kusan kashi 80 cikin 100. Ke nan ɗan Adam ana haihuwarsa ginin bai kammala ba, ragowar aikin a hannun mutane ake yin sa.

Akwai kalma ɗaya da in ba a fahimce ta ba komai zai rikice, ita ce "haɗari". Idan masana suka ce abu kaza ya ninka haɗarin wata lalura, kuma lalurar dama yaro ɗaya take kamawa cikin 100, to yanzu biyu take kamawa. Yara 98 suna nan lafiya lau. Masu bidiyo ninkin suke faɗa, su bar 98 ɗin.

Tun yaro yana ciki

Daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayun 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar kai abinci yammacin ƙasar Holan. Rabon da hukuma ke ba mutum ya faɗi ƙasa da kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 1,000 a rana, a wasu watanni ma kusan rabin haka, kuma mutum kimanin 20,000 suka mutu. Da yake asibitoci ba su daina ajiye bayanan haihuwa ba, kuma an san lokacin da yunwar ta fara da lokacin da ta ƙare, masana sun iya bin yaran da aka yi renon cikinsu a wannan tsakani. Waɗanda aka ɗauki cikinsu daidai lokacin da yunwar ta fi tsanani sun ninka saura wajen kamuwa da taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofireniya bayan sun girma. An sake ganin haka a yaran babbar yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika ambata ba. Da aka duba gwajin basirar da samarin Holan suka yi lokacin shiga aikin soja, ba a ga bambanci tsakanin waɗanda yunwar ta taɓa da sauran ba. Yunwar Holan gajeriya ce, ta faɗa wa ƙasa mai wadata, yaran kuma sun tashi cikin ƙoshi da makaranta.

Damuwa ma tana iya ratsawa. In mutum ya shiga tashin hankali jikinsa yakan fitar da wani sinadari mai suna kotizol. Mabiyiya tana tace mafi yawansa kafin ya kai ga ɗan tayi, amma in abin ya yi tsanani kuma ya daɗe, wani kaso yakan tsallake. A watan Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki a lardin Kubek na Kanada, wasu gidaje suka yi makonni cikin duhu da matsanancin sanyi. Wata masaniya, Suzanne King, ta bi 'ya'yan matan da ke da ciki a lokacin, ta ga cewa yaran da iyayensu suka fi shan wahalar sun ɗan yi baya a magana da gwajin basira a shekarunsu na farko. Irin wannan damuwa ake nufi: bala'i, yaƙi, duka a cikin gida, rashin sanin inda za a kwana. Ɓacin ran rana ɗaya ko kukan da mai ciki ta yi don an saɓa mata ba ya cikin lissafi, kuma zalunci ne a riƙa tsorata ta da shi.

Labarin da ya fi koya mini darasi a wannan fanni daga Amurka ya fito. A shekarun 1980 jaridu sun cika da hasashen cewa 'ya'yan matan da suka sha hodar iblis da ciki sun lalace har abada, ba za su iya karatu ko zama da mutane ba. Wata likitar jarirai a birnin Filadelfiya, Hallam Hurt, ta fara bin irin waɗannan yara daga 1989, tana gwada su da yaran da iyayensu ba su sha ba amma unguwa ɗaya, talauci ɗaya. Suna shekara huɗu, makin basirar rukunin biyu ya tsaya wajen 80, alhali matsakaicin na ƙasar 100 ne. Dukansu sun yi baya, kuma kusan baya iri ɗaya. Abin da ya haɗa su talauci ne. Wannan bai wanke ƙwaya ba, kuma ita barasa illarta ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi tabbatacciya ce, haka ma ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki. Amma an liƙa wa dubban yara suna tun suna zanin goyo, malamai da masu riƙo suka fidda rai da su, alhali babban abin da ke danne su yana nan a fili ba a kula shi ba.

Bakwaini

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran jariri bakwaini idan an haife shi kafin ciki ya cika mako 37. Ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi irinsu miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Amma sunan ɗaya ya rufe bambanci mai yawa. Wanda ya zo a mako 36 da wanda ya zo a mako 26 ba hanya ɗaya suka biyo ba, kuma mafi yawan bakwaini na kusa da cika ne.

Dalilin da ya sa makonnin ƙarshe ke da nauyi shi ne, a mako 34 ƙwaƙwalwa ba ta wuce kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da za ta kai a ƙarshen ciki ba. Sauran ginin, wanda ya kamata a yi cikin duhu da ɗumi da bugun zuciyar uwa, sai a yi shi a cikin kwalba, ga hasken fitila, ga ƙarar na'urori, ga allura safe da yamma. Shi ya sa yaran da suka zo da wuri sosai, musamman ƙasa da mako 32, aka fi samun su da wahalar tattara hankali, da fargaba, da noƙewa cikin sa'o'insu. Ba kasafai suke zama masu faɗa ko fitina ba. Binciken da ya bi su har suka zama samari da 'yan mata ma ya nuna sun fi sa'o'insu nisantar shaye-shaye da shiga hannun 'yan sanda. Mafi yawansu suna gama makaranta, su yi aiki, su yi iyali.

Sai dai wani kaso na abin da ake gani ba daga ƙwaƙwalwar yaron yake fitowa ba, daga idon masu kallonsa ne. A shekarun 1980 masana biyu a Amurka, Marilyn Stern da Katherine Hildebrandt, sun nuna wa manya jarirai waɗanda duk cikinsu ya cika, amma suka ce musu wasu daga ciki bakwaini ne. Jariran da aka liƙa wa sunan sai aka riƙa ganinsu ƙanana, raunana, marasa kuzari. Matan da aka ba su su yi musu wasa ba su taɓa su sosai ba, kuma sun zaɓa musu kayan wasan da ya yi musu ƙanƙanta. Tun 1964 wasu likitocin yara biyu, Morris Green da Albert Solnit, suka bayyana abin da ke faruwa da yaron da iyayensa suka taɓa fidda rai da shi: ya warke sarai, amma tsoron bai bar iyayen ba. Kada ka yi gudu, kada ka fita, kada ka hau. Yaron da aka hana faɗuwa bai koyi tashi ba, in ya girma da tsoro kuma a ce ai bakwaini ne. Ba na ganin laifin iyayen da suka kwana makonni a bakin ɗakin jarirai suna ƙirga numfashi. Amma ya kamata wani ya zaunar da su ya gaya musu, a sarari, cewa haɗarin ya wuce.

Akwai kuma lissafin da ke raba iyaye da damuwa mai yawa. Har yaro ya kai shekara biyu, ana cire makonnin da ya riga lokacinsa kafin a auna shi da sa'o'insa. Wanda aka haifa saura wata biyu, in ya cika wata takwas, ma'aunin ɗan wata shida ake sa masa wajen zama da rarrafe da gwaranci.

Maganin da ya fi ba ni sha'awa rashi ne ya haife shi. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a Kolombiya, kwalabe sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai a guda ɗaya. Likita Edgar Rey ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure jariran a ƙirjinsu, fata da fata, dare da rana, suna shayar da su. Shi ne ake kira renon kangaru. Da aka nemo yaran wani gwaji da aka yi a can bayan shekara 20, waɗanda aka rena a ƙirji sun fi saura ƙarancin fashin makaranta, da ƙarancin faɗa da rawar kai. Wani gwajin da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Uba ma yana iya yi, kaka ma haka.

Ranar naƙuda: tiyata, kukan farko da sa'ar farko

A 1990 kusan kashi 7 cikin 100 na haihuwar duniya ne ake yi ta tiyata, zuwa 2021 ya kai kusan 21. Wasu bincike sun ga cewa yaran da aka ciro ta tiyata sun ɗan fi saura samun otizim, lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane, nan take labari ya bazu. Amma a tambayi kai, me ya sa aka yi tiyatar tun farko? Sau da yawa don uwar tana da hawan jini ko ciwon suga, ko jaririn yana cikin wahala, ko cikin bai cika ba. Masana sun duba bayanan yara sama da miliyan biyu a ƙasar Suwidin, suka gwada 'yan uwa ciki ɗaya, wannan ta tiyata, wancan haihuwa da kai. Bambancin ya ɓace. Wuƙar likita ba ta da hannu, abin da ya kai ga tiyatar da gadon dangi su ne. Ina nanata wannan don na san akwai matan da ke ƙin sa hannu a yi musu aiki saboda irin wannan tsoro, har naƙuda ta galabaita jaririn.

Nan ne kuma ainihin haɗarin yake. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iskar shaƙa tana iya yi wa ƙwaƙwalwa lahani na dindindin: shanyewar gaɓoɓi, farfaɗiya, jinkirin magana da fahimta. Haka ma shawarar jarirai. Fiye da rabin jarirai sukan yi ɗan rawaya a makon farko ya wuce da kansa, amma in ya bayyana a ranar farko, ko ya sauka har tafin hannu da ƙafa, ko jaririn ya ƙi nono yana ta barci, ko yana kuka mai tsini yana banƙarewa, to sa'o'i ake ƙirgawa. In an kai shi da wuri, hasken wata fitila mai launin shuɗi ya isa. In an makara, kurumta da shanyewar jiki na iya bin sa har ƙarshen rayuwa. A irin waɗannan wurare babu maganar a jira a gani.

Makin da ungozoma ke ba jariri a minti na ɗaya da na biyar, daga 0 zuwa 10, likita Virginia Apgar ce ta ƙirƙiro shi a 1952 don a san wanda ke buƙatar taimakon numfashi nan take. Ba ma'aunin basira ba ne, kuma yawancin waɗanda suka yi ƙasa a minti na farko kan farfaɗo kafin na biyar.

Maganar sa'ar farko kuwa ta samo asali ne daga binciken da likitoci biyu, Marshall Klaus da John Kennell, suka yi a 1972 a kan mata 28 kacal, bayan sun lura cewa akuya ko tunkiya takan ƙi ɗanta in an raba su da haihuwa. Aikinsu ya yi alheri, ya sa asibitoci suka daina ƙwace jarirai daga iyayensu mata. Ɗora jariri a ƙirji yana ɗumama shi, yana taimaka wa shayarwa, duk inda ya yiwu a yi. Amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa akwai wata ƙofa da ke rufewa bayan sa'a ɗaya ba. Shaƙuwar ɗan Adam a hankali take ginuwa cikin watanni, shi ya sa jariri ba ya fara ƙiwa sai wajen wata bakwai ko takwas. Matar da ta farka daga allurar barci washegari ba ta rasa ɗanta ba.

Ɗan fari, auta da watan haihuwa

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Binciken da aka wallafa a 2015 a kan mutum sama da 20,000 daga Amurka, Birtaniya da Jamus bai ga wani tasirin zama ɗan fari ko auta a kan hali ba. A basira akwai ɗan bambanci: cikin samari kusan 240,000 a ƙasar Nowe, 'yan fari sun fi masu bi musu da maki biyu da ɗoriya. Abin lura shi ne, na biyun da yayansa ya rasu tun yana ƙarami makin ɗan fari ya samu. Ashe matsayin da aka ba yaro a gida ne ke aiki.

Watan haihuwa ma haka, ba ruwansa da taurari. A jihohin Amurka da ke rufe ɗaukar 'yan makaranta ranar 1 ga Satumba, yaran watan Agusta, waɗanda su ne ƙanana a aji, sun fi na Satumba da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen a ce suna da lalurar rashin natsuwa. Ƙuruciya ce aka ɗauka ciwo.

Hannun da ya karɓi jariri

A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani ɗan gwaji da ya shahara. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska na minti biyu, kada ta amsa masa. Jaririn zai yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in abin ya ci tura ya kau da kai ya fashe da kuka. Da ta dawo masa da fara'a, sai su shirya. Da wannan kai da komo, ya yi ta amsa, ta yi ya amsa, sau ɗaruruwa a rana, yaro ke koyon cewa kiransa yana da amfani.

Yanzu a ɗauka fuskar nan ta ɗaure na watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego suna fama da lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa 20. Mace ce da ke son ɗanta amma ba ta iya jin daɗinsa, ba ta barci ko ya yi barci, tana ganin kanta muguwar uwa. Wadda ta sha wuyar naƙuda, ko ta haifi bakwaini, ko ta ɗauki cikin da ba ta shirya masa ba, ko take zaune da mai dukanta, ta fi shiga wannan hali. Ta wannan hanya ce yanayin haihuwa ya fi isa ga yaro: ya bi ta kan uwa. Kuma yana da magani. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata, waɗanda ba likitoci ba, yadda za su zauna da irin waɗannan mata su yi musu nasiha mai tsari. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna masu ciwon sun ragu da fiye da rabi in an gwada da waɗanda ba su samu ba, kuma iyayen sun fi yi wa 'ya'yansu wasa.

Inda babu fuskar da za ta amsa kwata-kwata, duniya ta ga sakamakon a Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Nicolae Ceaușescu a 1989, an tarar da yara sama da 100,000 a gidajen marayu, jarirai jere a gadajen ƙarfe, mai kula ɗaya ga yara da yawa, ba mai ɗauka ba mai magana. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Birtaniya, Michael Rutter, da abokan aikinsa sun bi yaran Romaniya 165, galibinsu daga waɗannan gidaje, da iyalai a Birtaniya suka ɗauka riƙo. Waɗanda aka fitar kafin su cika wata shida sun tashi kamar sauran yara. Waɗanda suka wuce haka, da yawansu sun girma da rashin natsuwa, da bin kowane baƙo ba tare da bambanta shi da na gida ba, har suka zama manya, ko da yake basirarsu ta farfaɗo, kuma kusan ɗaya cikin biyar bai nuna wata matsala ba sam. Wani binciken a birnin Bukares da ya soma a 2000 da yara 136 ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyali kafin shekara biyu sun fi samun sauƙi. Yaran nan ba iyayen da suka haife su ne suka gyara su ba. Baƙi ne, wasu ma masu wani harshe, suka ɗauke su suka amsa kukansu.

Inda masana suka saɓa

Wani ɓangare yana cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, su ne tushe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a zuba kuɗi da ƙarfi a nan. Romaniya da Holan suna goyon bayansu. Wani ɓangaren, irin su masanin halayyar yara Jerome Kagan, yana gargaɗin cewa an wuce gona da iri: yaron da aka haifa cikin wahala galibi cikinta yake ci gaba da zama, sai a ɗora wa watannin farko laifin shekara ashirin. Na uku kuma suna tuna mana da gado. A birnin Kadif na Birtaniya an duba yaran da aka samu ta dashen ƙwai, wasu ƙwan uwar da ta ɗauki cikin ne, wasu na wata ne. Shan taba da ciki ya rage nauyin jariran duka biyu. Amma alaƙarsa da fitinar yaro ta fito ne kawai inda uwa da ɗa suke jini ɗaya, abin da ke nuna gado ne ya ɗauko wannan.

Binciken da a ganina ya fi haɗa kan maganar shi ne na masaniyar halayyar yara Emmy Werner, wadda ta bi duk yara 698 da aka haifa a tsibirin Kawai na Hawai a 1955 har suka kai shekara 40. Matsalar haihuwa, in ba mai tsanani ba ce, ta bar tabo ne galibi a yaran da suka tashi cikin talauci ko gidan rigima. A gidajen da ke zaune lafiya, kafin shekara goma da wuya a bambanta su da sauran. Cikin yaran da abubuwa suka taru a kansu, biyu cikin uku sun shiga matsala, ɗaya cikin uku ya tashi lafiya. Waɗanda suka tsira kusan dukansu suna da mutum aƙalla ɗaya da ya riƙe su da gaske, uwa ko kaka ko yaya, kuma da yawansu akwai tazarar shekara biyu ko fiye tsakaninsu da mai bi musu.

Me wannan ke nufi ga iyali?

Awon ciki da haihuwa a hannun wanda ya iya farfaɗo da jariri suna kare ƙwaƙwalwa, ba rai kawai ba. Mijin da ya sauke wa mai ciki nauyi, ya tashi da dare ya karɓi jariri don ta runtsa, tarbiyyar ɗansa ya fara. Mai jegon da ta wuce mako biyu cikin ƙunci da kuka asibiti take buƙata, ba faɗa ba. Yaron da ba ya waiwayar ƙara, ko ba ya haɗa ido, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ko ya manta abin da ya riga ya iya, a kai shi a duba, ko ta wace hanya aka haife shi. Kuma a daina kiran yaro da labarin haihuwarsa a gabansa, domin yana ji, yana kuma ɗauka.

Ga hukumomi kuma, mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suna cikin haɗarin kasa kai wa inda ya kamata su kai, saboda talauci da tsumburewa. Adadin yana da ban tsoro, amma an gwada abin da ke aiki. A tsakiyar shekarun 1980, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sa'a ɗaya a mako har shekara biyu, ta nuna wa uwar yadda za ta yi hira da ɗanta, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai, da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Amfanin madarar ya dusashe da tafiyar shekaru. Da aka nemo yaran wasan bayan shekara 20, sun fi takwarorinsu nisa a karatu, sun fi su ƙarancin faɗa da ciwon damuwa, kuma abin da suke samu a sana'a ya fi nasu da kashi 25 cikin 100, har sun kamo yaran unguwarsu da ba su taɓa tsumburewa ba.